Sarewar da Ta Shiga Rabon Gado

Abokina ya yi shekaru yana aikin ɗaukar sauti a wani gidan rediyo. Da ya yi ritaya ya dawo gida Kontagora, a daidai lokacin da ni ma na ajiye aikin tafinta, wanda ya zaunar da ni a Sudan da Kamaru da Kwaddibuwa. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ke nan. Ya taho da kwamfuta, da wani allo mai madannai irin na fiyano da ake jona mata. A cikin kwamfutar akwai furogiram da ke kwaikwayon kayan kiɗa. Ba ƙago sautin yake yi ba, sai an ɗauko masa muryar abin kiɗa na gaskiya, amo ɗaya bayan ɗaya, an ɗora kowane amo a kan madanni guda.

Shekara huɗu ya yi yana wannan tari. Ya ɗauki kalangu da goge, amma abin da ya fi ƙauna sarewar wani tsoho ce, Bakambare daga wajen Nasko. Ina zaune ranar da aka ɗauka. Tsohon zai busa amo ɗaya, abokina ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ce a sake wani. Da abin ya ishe shi sai ya ajiye sarewar, ya ce cikin Hausarsa mai nauyi, "Malam, wannan ba busa ba ce, tari ne." Bai cika shekara ba bayan haka ya rasu, kuma babu wanda ya gaje shi a busa.

Abokina ma ya bi shi da damina. Ina cikin waɗanda suka zauna rabon gado tare da malamin unguwa. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Kwamfuta da allonta ba su rabuwa, suka faɗa a kason babban ɗa. Sai aka fito da wani kwali mai ƙananan faya-fayen kwamfuta guda goma sha shida, baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya. Malam ya dube ni, tun da ni ne na yi yawo, ya ce, "Alhaji, waɗannan fa?" Na ce ai kamar kaset suke, kowanne da abin da ke cikinsa. Lissafin kuwa ya fita sumul: uwargida biyu, maza hurhuɗu, mata bibbiyu. Har muka ji daɗin yadda babu ragowa.

Bayan wata biyu babban ɗan ya zo zaurena da hantsi. Malamin firamare ne, mai haƙuri, amma ranar fuskarsa a ɗaure.

"Baba, abin nan ba ya magana. Na yi, na yi. Wani mai shagon buga takardu a bakin tasha ya ce in kawo masa ran Asabar, zai wanke cikinta ya riƙa aiki da ita. Gara a more ta da ta zauna tana tsare mini ɗaki."

Na ce ya ba ni kwanakin da suka rage. Ban iya kwamfuta sosai ba, iyakata abin da na gani a hannun marigayi, sai kuma Turancin da take rubutawa.

Na fara da abin da kowa zai fara. Na bi wayoyi, na zare na mayar. Na jona sifika da rediyo, ta yi magana lafiya. Wuta ta yi ƙasa a ranar, fanka tana juyawa kamar mai zazzaɓi, sai muka aro janareta a gidan maƙwabci. Duk da haka shiru. Sunayen kayan kiɗan suna nan a jere a fuskar kwamfutar, kalangu, goge, sarewa, amma da na zaɓi sarewa sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa ba a sami abin da ake nema ba. Na ɗauka kwamfutar ce ta cika, na rufe duk wani abin da ke buɗe. Bai hana akwatin fitowa ba.

Kashegari na daina saurin kore akwatin, na zauna na karanta shi har ƙasa. A layin ƙarshe akwai sunan abin da ya ɓace, da lamba tara a gabansa. Na ce wa ɗan ya kawo faya-fayensa huɗu. Na juya bayansu, sai ga lambobin Larabci ƙanana da fensir, rubutun abokina: biyu, biyar, sha ɗaya, sha huɗu. Na sa na biyar, na ce wa furogiram ya ci gaba. Ya yi gurnani, sannan na bi madannan da yatsa tun daga hagu. Shiru, shiru, shiru, sai wani madanni ya busa. Muryar sarewar tsohon ce, har da hucin numfashinsa. Madannai huɗu suka amsa, sauran suka yi gum.

Nan na gane abin da muka yi. Cikin kwamfutar ƙarami ne, saboda haka marigayi ya ajiye sautukan a faya-fayai, ya bar jerin da ke nuna wane amo ne na wane madanni a cikinta. In aka wanke kwamfutar, faya-fayan sun zama tarkace. In babu faya-fayan, jerin sunaye ne kawai. Na taɓa ganin irin haka a Omdurman, inda aka raba wani littafin fiƙihu mai mujalladi takwas tsakanin 'yan'uwa, kowa ya riƙe babin da ba shi da farko. A can na yi ta mamakin mutane. Ga shi a garinmu da bakina aka yi.

Ɗan ya ce, "To Baba, ai kai ka ce kamar kaset suke."

Na ce, "Ni na ce. Ɗauko babur."

Uwargida ta miƙo nata ta bayan labule, a naɗe cikin ɗankwali, ta ce, "Alhaji, dama ban san abin da zan dafa da su ba." 'Ya'ya matan biyu da ke aure cikin gari suka aiko da nasu. Ƙaramin ɗan ya kawo huɗu yana sunkuyar da kai, ban kula ba a lokacin. Saura ta Rijau, babbar 'yar, wadda lamba tara ke hannunta. Aka aika direban mota da saƙo, ya dawo da amsa: rabonta ne, shi kaɗai ne abin mahaifinta da ta riƙe da hannu, ba za ta ba direba ba.

Ran Juma'a da safe sai ga ta da kanta, ta sauka a tasha ƙafafunta duk jan laka. Ta gaishe ni a durƙushe, ta kwance bakin zane ta fito da su. Wanta ya miƙa hannu.

Ta ce, "Kai da za ka kai wa mai shago? Matsa. Baba, nuna mini ramin, ni zan sa."

Haka aka yi. Furogiram yana kiran lamba, mai ita yana sawa, muna jiran gurnani. Kalangu ya cika, goge ya cika. Sarewa ta kai har faifai na bakwai, sai akwatin nan ya sake fitowa. Na zare, na hura, na mayar. Na duba abin da ke cikin faifan, sai na ga abu ɗaya tak, takardar neman aiki. Ƙaramin ɗan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, an ce masa a Minna sai da faifai ake buga takarda, shi kuwa yana da huɗu a aljihu.

Yayarsa ta ce, "To ka samu aikin?"

Ya ce a'a.

"Ka ga, ba aiki, ba sarewa."

Amo uku na can sama su ne suka tafi. Na tuna marigayi yana iya jan amo ɗaya ya rufe maƙwabtansa, na lalubo wurin na gwada. Ya yi ƙara, amma siririya, babu numfashi a ciki. Uwargida daga bayan labule ta ce wannan usur ɗin ɗan sanda ne, a cire. Na cire, muka bar madannai ukun babu komai.

Babu wanda ya iya kiɗa a cikinmu. Babban ɗan ya riƙa danna madannan ɗaya-ɗaya daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda aka ɗauke su, muna saurare. Da ya kai wurin shirun sai ya dawo baya ya sake.

Bayan sallar Juma'a na sami malamin unguwa na yi masa bayani, har na gaya masa ana iya kwafe faifai a sami biyu ba tare da na farkon ya ragu ba. Ya ce, "Abin da kowa zai iya samun dukansa, Alhaji, me ya kai mu rabawa?" Na ce rashin sani. Ya ce a tambayi kowa yardarsa, in sun yarda a kwafa.

Suka yarda. Muka sayo sababbin faya-fayai muka yi jeri biyu na abin da ya rage, ɗaya ya zauna kusa da kwamfutar, ɗaya ya bi babbar 'yar zuwa Rijau, kowa kuma aka mayar masa da nasa na gado. Ran Asabar da mai shago ya ga ba a kai masa ba, sai ya zo da amalanke. Babban ɗan ya fita ya ba shi haƙuri a ƙofar gida, ya dawo ya nemi fensir, ya zauna yana rubuta lambobi a bayan sababbin. Da ya gama na shida sai ya rubuta takwas.