Fim ɗin da na kai wa taubashina a Shagari

Ni dillalin albasa ne a Bodinga. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, inda malamin ya ce kaina kamar buhun da ɓera ya huda ne, a zuba ta sama ya zube ta ƙasa. Amma in zancen fim ake yi, ba na raga wa kowa. Tun da aka fara tura fim a waya a shagunan bakin tasha na zama alƙalin da babu wanda ya naɗa. Haƙorana na gaba sun riga ni tafiya, idona sai da tabarau, duk da haka ina iya gaya maka wace 'yar wasa ce ke kukan gaske, wace ce aka shafa wa albasa a ido. Wannan kam fannina ne.

Abokin gardamata taubashina ne, tela a kasuwar Shagari. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yawo ba wando magana mai daɗi ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Haka taubasantaka take a wurinmu: zagi shi ne gaisuwa. Shi ya kira ni mai cika buhu da ruɓaɓɓiya a ƙasa, ni in kira shi ɓarawon ƙyalle. Shekarar da aka yi mini aiki a asibiti na dawo gida da ƙyar, ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Ashe lahira ma ba a son warin albasa." Na yi dariya har ɗinkin ya so ya ɓalle.

Duk ranar kasuwar Shagari nakan hau babur ɗin kabu-kabu in je. In zauna a bencin shagonsa, mu jingina waya da gwangwanin maɓallai, yana taka keke yana kallo da gefen ido. Akwai abubuwan da muka yi ittifaƙi a kansu. Manomin fim, dugadugansa sumul kamar na jariri, ya riƙe fartanya kamar an ba shi ajiyar maciji. Yarinya ta tashi daga barci da jan-baki da kwalli. Ana tsakiyar rigimar gado sai a ɓarke da waƙa a cikin lambu. Shi kuma abin da ke ƙona masa rai shi ne rigar talakan fim, sabon yadi fil an manna masa faci don a ce tsumma ne.

Inda muka raba gari shi ne kan wani tsohon ɗan wasa da ke fitowa a matsayin uba. Ni ina son masu hayaniya, mugun da ke zare ido, da mai barkwancin da jaki ke kayarwa. Wannan tsoho kuwa ba ya ɗaga murya. Na ce mutum ne da ake biya don ya zauna a tabarma ya yi shiru, aikin da ni ma zan iya da an neme ni.

"Kai mi kas sani?" in ji taubashina. "Ka ga wurin da anka gaya mai ɗiyarshi ta rasu? Bai yi kuka ba. Igiyar akuya yaka ɗaurewa, ya ci gaba da ɗaurewa, kullin na warwarewa. Hannunshi za ka duba, ba bakinshi ba. Amma ina, kai sai an yi ma ihu kamar a tasha."

"Barci yaka ji," na ce. "A kai shi gida."

Mun yi shekaru a kan wannan magana, babu wanda ya sauka.

Da bazarar bara ya faɗi daga kan keken ɗinki. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Ranar da na fara zuwa duba shi ɗakin cike yake da mutane, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Na gan shi kwance a katifa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Na durƙusa kamar yadda kowa ya yi, na ce, "Sannu ɗan'uwa. Ya jiki? Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne." Ya dube ni. Ruwa ya gangaro daga idonsa, ya juyar da kai wajen bango, bai sake juyowa ba har na tashi.

Sai a hanya, ina bayan kabu-kabu, abin ya faɗo mini. Tun da aka haife mu ban taɓa ce masa sannu ba. In taubashinka ya zo ya durƙusa yana yi maka ladabi, ai ya hango likkafani ke nan. Na je na yi masa ta'aziyyar kansa yana da rai.

Da na koma, matarsa ta tare ni a zaure. Tsohuwa ce mai jikoki, amma Amarya nake ce mata tun ranar da aka kawo ta.

"Malam," ta ce, "kai kas san shi tun ƙuruciya. Don Allah, shina jinmu kuwa? Likita ya ce ba a sani ba, ya ce ko hawayen ma wani lokaci ruwa ne kawai. Yara na zancen saida keken ɗinki a gabanshi kamar ba shi nan. Ni kuma in na buɗe baki zan yi mai magana sai in ji kamar da bango nika yi, sai in yi shiru. In shina nan, in sani. In kuma ya tafi ya bar muna jiki, in sani."

Na ce ta bar ni da shi.

Na shiga na ce, "Ɓarawon ƙyalle, an samu dalilin ƙin aiki." Na zauna, na jingina waya da kwanon fura, na kunna fim. Daga ranar na mai da shi aikina duk ranar kasuwa. Mun kalli wani na gidan masu kuɗi, wanda daga farko har ƙarshe ana hawa bene ana saukowa, matar gidan tana kuka kwallinta bai motsa ba. Mun kalli fassarar Indiya, inda mutum ɗaya ya doke gari guda rigarsa ba ta yamutse ba. Ina kallo ina sharhi, ina yabon duk wanda na san ba ya so, ina tsine wa tsohon nan nasa ko ba ya cikin fim ɗin. Idonsa na kan wayar, amma haka yake kan bango in an juya shi wajen bango. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman farko, ban ga komai ba. A raina na fara cewa watakila likita ya fi ni gaskiya, watakila hawayen ranar farko ma ruwa ne, ni ne na ba kaina muhimmanci. Kullum in na fito Amarya na zaure tana duban fuskata, ni kuma in tsaya neman takalmina.

Wata rana na ce wa mai shagon tura fim ya sa mini sabo wanda tsohon ke ciki. Ban tambayi labarin ba, ban kuma kalla a gida ba. Bayan azahar na isa Shagari, hadari na haɗuwa, na kunna mana.

Tsohon ya fito a matsayin mai sayar da hatsi. Na fara aikina: "Ga mutuminka nan, an tashe shi daga barci." Ana cikin tafiya, wajen tsakiyar fim, sai ya faɗi a kasuwa tsakanin buhuna. Da aka sake nuno shi yana kwance a ɗaki, baki a karkace, hannu ɗaya a yashe, 'ya'yansa tsaye a kansa suna gardamar sayar da gona.

Na miƙa hannu zan kashe, sai hannunsa na hagu ya sauka a kan wuyan hannuna. Ban san ko riƙo ba ne ko jijiya ce ta harba. Na dai janye, fim ya ci gaba.

Bari in faɗi ra'ayina a kan wasan nan, tunda alƙalanci na ɗora wa kaina. Yaran da suka fito a 'ya'yansa ba su iya ba. Babban yana kuka yana dukan ƙirji kamar wanda aka kore wa shanu. Zanen gadon fari tas, babu ƙuda ko ɗaya, duk wanda ya yi jinya ya san ba haka ɗakin ke zama ba. Amma tsohon, Allah ya sani, ya yi. In wani ya yi magana idonsa kan bi shi a makare, kamar mai ɗauko kaya mai nauyi. Da aka ba shi koko a cokali sai ya haɗiye da kunya. Da 'yarsa ta goge masa baki sai ya rufe ido har ta gama. Na sha ganin taubashina yana rufe ido haka in Amarya ta goge masa baki, na ɗauka gajiya ce.

Na kasa duban katifar. Ɗakin ya yi tsit, sai muryar masu rabon gona a waya da iska na kaɗa kwanon rufi. Na ji in ban yi magana ba zan yi abin da ya fi sannun nan muni, in fashe da kuka a gabansa. Sai bakina, wanda bai taɓa jawo mini alheri ba, ya buɗe da kansa.

"Kai, dubi nan," na ce. "Wallahi wanga tsoho ya fi ka iya ciwon ga. Dubi bakinshi, ya karkace da tsari. Kai naka kamar aljihun da ka ɗinka min da Sallah. Ko kwanciyar ma ba ka iya ba. Da kai anka ɗauka, da fim ɗin ga bai sayu ba."

Ƙirjinsa ya fara girgiza. Wani sauti ya fito kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe. Na tsorata, na ɗauka sarƙewa ya yi, na ƙwala wa Amarya kira. Ta shigo da ludayi a hannu. Muka tsaya a kansa. Rabin fuskarsa na hagu ya tattare, idon ya ƙanƙance, miyau na zuba. Dariya yake yi.

Da ta lafa sai ya kafe ni da ido. Haɓarsa ta yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya karyo masa. Muka jira. Ban taɓa ganin mutum ya sha wahalar ɗaga buhu kamar yadda ya sha wahalar ɗaga kalmar nan ba.

"Ƙa… ƙarya."

Amarya ta dube ni. "Mi yac ce?"

"Ya ce ni maƙaryaci ne."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ludayin na hannunta. Can ta ce, "To shina nan." Ta matsa kusa da katifar, ta gyara masa matashi, ta fara ba shi labari kamar wanda ya dawo daga tafiya: akuya ta haihu biyu, ɗakin baya na yoyo, gero ya yi kyau a gonar Horo Birni, ita ce ta hana a fitar da keken kuma ba ta san ko ta yi daidai ba. Na ɗauki wayata na fita zaure na zauna har ruwan ya sauko ya ɗauke.

Ragowar fim ɗin ni kaɗai na kalla a Bodinga. A ƙarshe tsohon ya miƙe ya taka da ƙafarsa, 'ya'yan suka durƙusa suna neman gafara, aka sa kiɗa. A nan suka ɓata shi. Ina ganin shi kansa tsohon bai yarda da wurin ba, don tafiyar da ya yi ta mai jin kunya ce. Ban kai wa taubashina wannan ɓangaren ba.

Shi bai miƙe ba. Ban kuma sake jin wata kalma daga bakinsa ba, duk da na zage shi iyakar iyawata. Amma daga ranar babu wanda ya sake magana a kansa kamar ba ya nan. Duk wanda ya zo dubiya sai Amarya ta ce, "Ku gaishe shi da kyau, shina jinku." Babban ɗansa ya durƙusa ya tambaye shi zancen keken, ya ɗaga hannun hagu ya kaɗa, aka bar maganar.

Bayan an yanke gero ya rasu, ranar wata Laraba da hantsi. Na zauna zaman makoki bakina a rufe, har mutanen Shagari na tambaya ko ba ni da lafiya. Ranar addu'ar bakwai na shiga ciki in yi wa Amarya sallama. Tana zaune a tabarma cikin mayafin takaba, ta rame. Na yi mata gaisuwa, ta amsa.

"Malam, ka san wani abu?" ta ce. "Tun da anka kawo ni gidan ga bai taɓa barina in kai ƙarshen magana ba. Ina farawa zai karɓe." Ta goge ido da bakin mayafi. "Wanga karon kam ya ji ta duka."