Tawadar da Gwaggo Hansai Ta Wanke

Cikin ranakun aikina akwai wadda ta ƙi fita daga kaina, ranar da aka yi wa Hajiya Binta dilka ana gab da bikin 'yarta. Ina ba ku labarin ne, ku ƙannena da ke aikin jinya yanzu, saboda na ga har yau kuna yi wa marasa lafiya magana kamar masu karanta sanarwa a rediyo.

A lokacin na riga na yi ritaya a matsayin babbar jami'ar jinya, wadda ake ce wa Matiron. Na yi aiki a Kaduna, na yi shekaru a Jidda, na zauna Maraɗi, na leƙa Khartum. Da na dawo gida Funtuwa zaman banza ya ishe ni, sai na karɓi aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Mu ba ma maganin ciwon daji. Mace takan je babban asibiti a birni a yi mata abin da za a yi, ta dawo wurinmu mu wanke ciwo, mu duba jini, mu saurari kukan da ta ƙi yi a gaban likita. Mataimakiyata ita ce Sista Rifkatu, Bahaushiya Kirista daga ƙauyukan Malumfashi, mai sanyin hannu da kaifin baki.

Hajiya Binta 'yar kasuwar hatsi ce, tana sayen masara da waken suya da kaka ta ajiye. Daji ya kama ta a maman hagu. Aka cire shi, sannan aka shiga ba ta maganin nan da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ake kira kemo. Maganin yana aiki, amma ba ya tausayin kyau. Sumar kanta ta zube, girarta ta tafi, farcenta ya yi duhu, fatarta ta bushe ta yi baƙi.

Nan masu dubiya suka samu aikin yi. A Jidda mai dubiya kan ajiye dabino, ya yi addu'a, ya kama gabansa. A garinmu mai dubiya da ido yake zuwa. Mace za ta shigo, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Hajiya, ke ce kika koma haka? Wallahi da a hanya ne ba zan gane ki ba." Ta gama wannan ta'aziyya ta buɗe jaka ta fito da man bilicin, ta ce na 'yar'uwarta ne, sati ɗaya yake mayar da mutum Balarabe. Ni na zauna cikin Larabawa, ban ga wanda kwalba ta yi ba.

Na zaunar da Hajiya na tsara mata abin da zai fisshe ta. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu maimakon soso. Man kaɗanya tsantsa tun jiki bai gama bushewa ba. Ban da bilicin, ban da halawar tuge gashin jiki, ban da baƙin lalle mai dayis. Kwallinta nata ne ita kaɗai, don jininta ya yi ƙasa, ƙwayar cutar da wata za ta ɗauka ta yi yawo da ita, ita kwantar da ita za ta yi. Na koya mata zana gira da jagira a hankali, gajeren zane bayan gajeren zane, ba layi ɗaya mai kama da titin Sakkwato ba. Ƙarƙashin ɗankwali hula mai laushi ta auduga. Na ce ta ajiye leshi mai duwatsu ta koma atamfar da ta sha wanki. Ta ce mutane za su ce ta karye. Na ce, "Hajiya, a garin auduga kike, motoci na fita da ita kullum, ke kina sa roba tana yagar miki fata."

Wurin maman da aka cire kuwa mun ɗinka 'yar jaka muka cusa auduga. Ranar farko da ta sa, tana ɗagowa daga ruku'u ta tarar da ita a kafaɗa. Sai na tuna matan Maraɗi gero suke zubawa a ciki don ya yi nauyi. Muka zuba. Rifkatu ta ce yanzu Hajiya ta zama cikakkiyar 'yar kasuwa, da hajarta take yawo. Ranar ce na fara jin dariyar Hajiya tun da aka yi mata aiki.

Abin da ya rage shi ne gashi, wato haska wurin ciwon da wata na'ura don ƙona abin da ya saura. Ga yadda tsarin yake, don wanda bai sani ba. Kafin a fara, akan kwantar da mace a ɗauki hoton cikin ƙirjinta, a auna inda hasken zai bi ya kauce wa zuciya da huhu. Sai a yi mata ƙananan alamomi da tawada a fata, layi a tsaye, layi a kwance, sun gitta juna, a manna filasta mai haske a kai. Da su ake daidaita ta a kan na'ura kullum. In sun goge, sai an sake awo. Na'urorin kaɗan ne, mutane daga jihohi da yawa suke bin su, wanda ya rasa gurbinsa kuwa baya yake komawa. Hajiya ta daɗe tana jira kafin a kira ta. Aka yi mata alamomin, aka ce ta je gida ta dawo bayan biki a fara. Abin da aka gaya mata game da su kalma uku ce kacal: "Kada ki wanke." Ni ma da ta nuna mini na ce ta kula da su, kada ta shafa mai a wurin.

Sai ga Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinta, ta sauka daga Tsiga da buhun kayanta. Tsohuwa ce mai ƙarfi, irin wadda in ta shiga gida har kaji kan san an yi baƙuwa. Ta dubi Hajiya sama da ƙasa ta ce uwar amarya ba za ta fita gaban dangin ango kamar gawayi ba alhali ita tana raye. Ta sa aka kira mai gyaran jiki, wadda ke yi wa amarya, ta ce a haɗa da uwar. Hajiya ta ce Matiron ta hana. Gwaggo ta ce Matiron ba ita ta yi mata wankan jego ba. Kun san 'yar Hausa da ƙanwar uba. Hajiya, wadda dillalan hatsi ke tsoron bakinta, ta sunkuyar da kai ta ce to a yi hannu da ƙafa kawai.

Da hantsi ƙanwar Hajiya ta kira ni a waya ta ce in zo, ana rigima. Muka hau Keke ni da Rifkatu. Tun daga zaure na ji ƙamshin dilka, wato curin nan na kurkur da turare da ake murza wa fata, ya gauraya da warin kananzir.

Na tarar da Hajiya a ɗaki zaune kan tabarma, ta riƙe zani a ƙirji. Mai gyaran jiki ta lafe a lungu. Gwaggo na tsaye da ɓarin lemun tsami a hannu, fuskarta irin ta wanda ya kashe maciji. Na ce a nuna mini. Filasta babu, tawada babu. Fatar wurin ta yi ja, ta saluɓe kusa da tabon aiki.

Na ce, "Gwaggo, me ya kai ku nan?"

Ta ce, "Allah ne ya kai mu, Matiron. Zani ne ya zame, na ga abin da idona. Gicciye. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, har ƙarƙashin hammata. An manne da leda don kada ruwan alwala ya taɓa."

Na ce alamar awo ce.

Ta ce, "Awo? Na tambaye ta wa ya rubuta, ta ce wani mutum ne. Sunansa wa? Ba ta sani ba. Me ya ce? Ya ce kada ta wanke. To ke gaya mini, wane ne ke yi wa mutum rubutu a jiki ya ce kada ruwa ya taɓa, kuma ya ƙi faɗin dalili? Ni ba yau aka haife ni ba."

Rifkatu ta ajiye jakar magani ta ce, "Gwaggo, in da haka ake shigar da mutum addininmu, ai da fasto ya huta da wa'azi. Biro kawai zai saya ya tsaya a tasha."

Gwaggo ta ce, "Ke Rifkatu, ban ce ke ba. Uwarki ce ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu. Amma birni ba Malumfashi ba ne."

Na ce mata a Jidda, inda ake jin ƙamshin Makka, da idona na ga an yi wa matan Larabawa irin wannan alamar, kuma mai yin ta yana da tabon salla a goshi wanda ya fi na limamin unguwarsu. Na ce tela ma haka yake yi da alli in zai sa maɓalli. Ta ce ita ba ta je Jidda ba, kuma Binta ba yadi ba ce.

Na juya kan Hajiya na ce ita da ta san komai me ya hana ta hana su. Ta ce, "Matiron, na ce musu a bari. Amma ban ce da ƙarfi ba. Ni ma tun da aka yi mini su, in na tsaya salla sai in ji zuciyata na can. Na ji nauyin tambaya, kada a ce Hajiya guda ba ta waye ba."

Na wanke wurin da ruwan gishirin asibiti, na rufe da bandeji mai laushi, na fita tsakar gida na kira jami'in da ke kula da na'urar. Na yi masa bayani. Ya ce, "Matiron, da me suka goge?" Na lissafa masa. Ya ce, "Kananzir? Fitila ce?" Ya ce ba a sake awo a kan fatar da ta saluɓe, sai ta warke, gurbinta kuma dole a ba wata. Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Turanci. Ya ce wadda za a ba ita ma uwar wani ce. Na kashe wayar.

Na koma na faɗa musu a gaban kowa, da gangan. Gwaggo ta dubi lemun da ke hannunta kamar wani ne ya ba ta ajiya.

Ranar yinin biki ni na shirya Hajiya da hannuna. Man kaɗanya a fuska, hoda kaɗan daidai launinta na yanzu ba na da ba, sabon kwalli, gira a hankali, ɗaurin kallabi mai tsayi a kan hular auduga, atamfa mai laushi a kan bandeji. Ta fito ta zauna. Matan nan da suka ce ba za su gane ta a hanya ba suka yi ta zuwa suna cewa, "Hajiya, dilkar nan ta karɓe ki. Ba mu lambar matar da ta yi miki." Hajiya ta ce su tambayi Gwaggo, ita ta san kan aikin. Gwaggo ta ce tana da tuwo a wuta.

Sai da makonni suka shuɗe aka sake kiranta. Likita bai ɓoye mana ba cewa jinkirin ba alheri ba ne, kuma a tsakanin nan Hajiya ba ta da barcin kirki, duk abin da ya motsa a ƙirjinta sai ta kira ni. Da za ta tafi aka tambayi wa zai raka ta jinya. Ta ce Gwaggo. Aka ce tsohuwa ce, bencin asibiti zai wahalar da ita. Ta ce ai shi ya sa.

Gwaggo ta zauna a bencin nan har aka gama. Ta ga matar wani malami mai niƙabi da alamar, ta ga Bafulatana, ta ga matar fasto, kowa na kaffa-kaffa da tata. Hajiya ta ba ni labarin cewa daga nan Gwaggo ce ke zama a ƙofar banɗaki in za ta yi wanka, tana cewa, "Binta, a hankali da wurin awon nan." Wata mai dubiya ta fito da man bilicin, Gwaggo ta raka ta har zaure da shi. Hajiya ta gama gashinta. Har yanzu tana zuwa a duba ta, sumarta ta fito, dillalai sun koma tsoronta.

Na haɗu da Gwaggo a wani suna daga baya, na ce, "To Gwaggo, yaya maganar gicciye?" Ta ce, "Ni dama na san ba komai ba ne. Amma da sun zana wata da tauraro me zai ragu a jikinsu?"

Na yi dariya, amma a kan abu ɗaya tsohuwar ba ta yi kuskure ba. A garinmu wanda ke ba da umarni ya ɓoye dalili boka ne, kuma mu masu fararen kaya mun fi kowa yin haka. Tun daga ranar, duk abin da na hana mace shafawa sai na faɗa mata me zai yi mata, duk alamar da ke jikinta sai ta iya gaya mini amfaninta da bakinta. Kuma kafin in fara bayani nakan tambaye ta wace ce a gidansu ba ta iya ce wa a'a. Sai in ce ta je ta zo mini da ita, in ba ta kujerar da ta fi kyau.