Lambun Andalus a Saman Bene

Lambun wasu sarakuna da suka mutu tun ba a haifi kakannina ba, shi ya lalata mini baya. Har yau ban yafe ba.

Lokacin ina aikatau a unguwar Misfala ta Makka, gidan wani attajiri mai sayar da yadi. Hajji ya kawo ni, na zauna ba iƙama, wato takardar zama, don haka abin da aka ce shi nake yi. Maigidan ya je Turai fatauci, ya dawo da hoton wata fada a Andalus, wai Alhamra: zakunan dutse suna tofar da ruwa, itatuwan lemo jere-jere. Shi ke nan hankalinsa ya tafi can. Ya sa aka hau da gwangwanaye saman bene, aka dasa lemo da raihan mai ƙamshi. A Makka fa! Mai ruwa ya kawo garwa biyu a kafaɗa, ya juye a ƙasa, ya yi gaba. Wa zai kai sama? Ni.

Safe da la'asar ina hawa. Rana ta ƙone wasu, ya sayo wasu.

Ran nan na iso ina haki, na same shi riƙe da hoton.

"Ya Hajja, dubi aikin Musulmi. Ruwa ko'ina!"

"Sidi, wa ke ɗebo musu?"

"Ba kowa. Ƙanƙara ce ke narkewa a kan dutse, ruwan ya gangaro da kansa."

"To nan ni ce dutsen?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

"Yanzu wa ke zaune ciki?"

"An kore su tuntuni. 'Yan kallo ke shiga, su ɗau hoto su fita."

"Ko miya ba a yi da ganyen?"

"Miya! Allah ya shirye ki."

Da na shiga makarantar manya, kaina duk furfura, na karanta na ga gaskiya ya faɗa. Amma ran nan wajen saukowa bayana ya ƙage, na zauna a matakala na kasa miƙewa. In na ce na gaza, titi ne, kuma ba takarda. In na ci gaba, tabarmar jinya ce.

Washegari na jawo gwangwanayen zuwa ƙasa, da ja da nishi, na jera su bakin rariyar wanke-wanke, inda ruwa ke gangarowa da kansa kamar na Andalus. Matattun na tuge su, na shuka kuɓewa.