Mutumin da Ke Ɓoye Ruwa Daga Rana

Da an sallame sallar asuba Malam Tambari yake barin Runjin Sambo a kan babur, akwatin kwalabe ɗaure a baya, ya nufi tafkin Kware. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ɗebo wa ɗakin gwaje-gwaje ruwa. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Yana amsa maka, idonsa na gabas. Kowace kwalba ya cika sai ya naɗe ta da baƙin ƙyalle, ya rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Masunta har tsokanarsa suke yi, wai shi ne mai saka ruwa a lalle.

Ni maƙwabcinsa ne, kuma na daɗe ina saurarensa kafin in gane. Ya ce ganye da ciyawa da kashin shanu in sun ruɓe sukan narke a tafki, su bar wa ruwa launin shayi. Hasken rana shi ke farfasa wannan narkakken abu. Wani ɓangarensa ya fice ya bi iska, wani ya zama abincin ƙananan halittun da ido ba ya gani, launin ya koɗe. Wannan aikin ranar ake aunawa, don haka dole ruwa ya iso ɗakin gwaji yadda ya bar tafki.

Mariyatu, wadda a lokacin ɗaliba ce mai binciken digiri na biyu, ta ba ni labarin shekarar da ya kwanta jinyar ƙafa. Wani direba ne ya riƙa ɗebo mata ruwa. Alƙalumanta suka ƙi haɗuwa, malaminta ya ce in ba su daidaita kafin ƙarshen damina ba, aikin shekara biyu ya tashi a banza. Ta sauya na'ura, ta sake wanke kwalabe, ta daina cin abincin kirki.

Ranar da Tambari ya dawo, yana dogara sanda, bai kalli takardunta ba. Kwalba ya ɗaga, ya tambayi direba inda yake ajiye su. Direba ya ce saman mota, don kada su jiƙa kujera, kuma yakan biya kasuwa.

"Ɗiyata, ba ki yi kuskure ba," in ji Tambari. "Ruwan ga rana ta riga ki aiki kansa tun bisa hanya."

Sati shida yana zuwa tafki da ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Mariyatu ta gama, yanzu ita ke koyarwa. Sunansa bai fito a bangon kundinta ba, kuma bai taɓa tambaya ba.

Malam Tambari, kai ne mai rige-rige da hantsi. Kai ne ka san cewa ilimi yana iya lalacewa tun a saman mota. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya ba ƙafarka hutu.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma har yau babu wanda ya ce zai karɓi akwatin. Jiya na same shi yana wanke ƙyallayen, yana ninkewa, yana sake warwarewa. Na ce masa ya zauna. Ya ce sai ya ga hannun da zai danƙa wa.

Matasan Sakkwato, ƙyalle goma sha biyu ne, an wanke su. Wani ya zo ya karɓa kafin rana ta ɗaga.