Muryar Inna a Showak

Mun tashi da asuba daga Gadarif, ni da abokin aikina, a motar haya da kwandasta ya rantse ta cika, sai da muka ƙara jiran mutum uku. Kuɗin mota ya sake hawa. Ba wanda ya yi gardama, kowa ya gaji.

Ga abin da ya fitar da mu. Muna da wata ƙaramar manhaja da ke faɗa wa marasa karatu yadda ake shan magani, da murya, da Hausa. Wata ungozoma ce a Showak, wadda kowa ke kira Inna, ta naɗa mana muryar. Bara Allah ya yi mata rasuwa. A rumbun intanet inda ake ajiye manhajoji, kowace fitowa ta manhaja tana da lambarta, amma mu sai muka raɗa wa tamu laƙabi, "hausa", shi kuma wayoyi ke bi su ɗauko ta. Wani mai taimaka mana daga waje ya fitar da sabuwa marar muryar Inna, cikin rashin sani ya ɗora mata laƙabin. Rumbun kuwa yana share duk fitowar da ba ta da laƙabi, sai ya share tsohuwar. Duk wayar da ta hau shabaka, wato intanet, ta wayi gari da muryar inji. Tsofaffi suka daina saurara, wasu har suna haɗa maganin safe da na dare. Can muka ji labarin waya ɗaya da ta rage da muryar Inna, a hannun mijinta a Showak.

Hanyar Kassala miƙaƙƙiya ce, baƙar ƙasa hagu da dama, an yanke riɗi an jingine dami-dami, dawa kuma ta sunkuyar da kai. A kowane shingen jami'an tsaro sai an sauke mu an duba. Da hantsi muka isa, muka ci dafaffen waken ful da man riɗi a bakin tasha. Abokina ya ce barkonon bai kai ba, hawayensa suka ƙaryata shi.

Mijin Inna dattijo ne, mun same shi a inuwar bukka yana gyaran igiya. Sai da ya dafa mana gahawa, jabana, muka sha, sannan ya ɗauko wayar, naɗe cikin tsohon mayafi. Tun rasuwarta ya cire layin, wayar ba ta sake hawa shabaka ba.

"Ba ni da ciwon komai," in ji shi. "Ina kunnawa ne ta ce mini in sha bayan na ci abinci."

Na ce, "Baba, kwafa kawai za mu yi, taka tana nan."

Ya miƙo mini wayar. "To, ɗana. Amma a gabana."

A gabansa muka yi. Da muka gama na kunna a kwamfuta, Inna ta yi sallama, dattijon ya amsa mata a hankali. Abokina ya tashi wai zai duba mota, alhali ba mu zo da mota ba.

Bayan la'asar muka kamo hanya, magariba ta same mu a gida. Washegari muka mayar da tsohuwar fitowar cikin rumbun, muka ɗaure kowace waya da lambar fitowar maimakon laƙabi, domin na gane laƙabi tafiya yake yi, duk wanda ya ɗauka ya saka. Kafin azahar wata ma'aikaciyar asibitin Showak ta kira. Ta ce muryar ta dawo, wata tsohuwa ta riƙe wayar asibitin ta ƙi bayarwa, tana ta yi wa Inna addu'a.