Man gyaɗa a kan faifan surukata

Me ya hana shi faɗa mini, shekara arba'in da wani abu? Tun da aka binne shi nake tambayar kaina, ban sami amsa ba. Ni ban yi makaranta ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina kuka, ta ce in ci gaba kawai.

Mijina ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a har ya yi ritaya, muna zaune a Samaru. Yana da faya-fayan garmaho akwati biyu, amma ɗaya ne ransa ke kai. Tun yana yaro waɗansu Turawan mishan suka je ƙauyensu suka ɗauki waƙoƙin matan coci a faifai, mahaifiyarsa ce mai ba da waƙa. Ta rasu kafin aurenmu, ko hoto ba ta bari ba. Muryar nan ce kaɗai ta rage.

Kowace Kirsimeti nakan wanke kwanukana, in goge kujeru, sannan in fito da faya-fayan in shafa musu man gyaɗa da tsumma har su yi ƙyalli. Na surukata na fi ba shi mai, don girmamawa. Idan ya dawo aiki ya gani, yakan tsaya jim, ya ce, "Sannu da aiki, Maman yara."

Farkon aurenmu muryar tana fita tas. Sannu a hankali ta fara nutsewa, har ya zama ba ka jin komai sai ƙara kamar ana soya ƙosai. Na ɗauka tsufa ne, yadda yake yi wa mutum.

Bara ya kai faifan wurin wani tsoho ɗan ƙabilar Ibo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, na raka shi. Mutumin ya ɗaga faifan a hasken ƙofa, ya shinshina, ya dubi mijina. Na ga mijina ya girgiza masa kai, ban gane dalili ba.

"Baba, burushi ƙara tura dattin yake ciki," in ji mai gyaran. "Sai injin da ke jiƙa shi, ya zuƙe. Kuma ban da ruwan rijiya. Ka nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir."

Wata uku mijina ya yi yana zaɓen irin injin nan a wayar 'yata. Akwai mai juya faifan da kansa, akwai wanda kai za ka juya da hannu. Ya zaɓi na hannu, wai abin lalacewa ya fi kaɗan a cikinsa.

Na ce, "Faifai za a saya wa injin shara, ni an bar ni da tsintsiya?"

Ya ce, "Ke ai muryarki ba ta taɓa dushewa ba."

Wata ƙawar 'yata ta taho da shi daga ƙasar waje. Ranar Asabar da hantsi ya kafa shi a kan teburin falo. Ya ɗiga ruwan a kan faifan, ya baza da burushi mai laushi, ya kunna. Ƙara kamar injin niƙa. Yana juyawa a hankali, ɗan tiyon da ke jikin injin yana shanye ruwan. Sau huɗu ya yi wa gefe guda. Sai ya ciro kwalbar da dattin ke taruwa, ya miƙo mini in zubar.

Ina fita tsakar gida na duba. Ruwan baƙi ne, a samansa wani abu rawaya yana yawo. Na kai hanci. Na zauna a kan turmi. Na daɗe kafin in iya komawa ciki.

"Baban yara, man gyaɗa ne."

"Shi ne."

"Ka sani?"

"Tun shekarar farko."

"Shi ne ka bar ni ina binne muryar uwarka da hannuna?"

Ya ciro faifan daga kan injin. Ya ɗora shi a kan garmaho, ya sauke allura. Ƙarar soya ta ragu, sai ga murya siririya ta fito, kowace kalma ana ji. Ya miƙe tsaye ya cire hula. Ni kuwa ban iya ɗaga kai ba, kunyar matar da ban taɓa gani ba ta rufe ni.

Ya mayar da faifan kan injin zai wanke ɗaya gefen, sai wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba har Litinin. Ranar yana da ganin likita saboda hawan jini. A kan layi ya yanke jiki ya faɗi, kafin in isa asibiti an rufe shi da zane. Mutumin da ya ci tuwonsa da safe, ya ɗaure takalminsa da kansa.

Injin yana nan a kan tebur, faifan yana kai, gefen da ba a wanke ba yana kallon sama. 'Yata ta ce ta iya, na ce ta bari tukuna.

Da zai fita ran Litinin ɗin, mai keke-napep yana jira a ƙofa, sai mijina ya ga na nufi teburin da tsumma zan share ƙura. Ya yi dariya, ya riƙe mini hannu.

"Maman yara, bar shi haka. In na dawo ke za ki juya, ni in kunna."