Bindigar Ƙarshe a Ƙauyenmu

A ƙauyenmu na cikin duwatsun Akita a ƙasar Japan, gida talatin da ɗaya ne, bindiga kuma ɗaya tak ta rage, ta Baba Gisaburo. Shekara arba'in da shida yana riƙe da takardar izininta. Bindigar tana kulle a akwatin ƙarfe, harsashi a wani akwatin daban, 'yan sanda kuma su zo duk shekara su duba. Ban taɓa ganin mai tsoron doka irinsa ba, har haushi yake ba ni.

Matarsa Haruyo ba ta san inda makullin yake ba, don doka ba ta yarda ta sani ba. Takan tsokane shi a gabanmu.

"Tsoho, ni da na wanke maka safa shekara hamsin, makulli ne ba za ka nuna min ba?"

"Ke dai dafa shinkafarki," in ji shi. "In kika sani, ai duk ƙauyen ya sani."

Wata safiya a kakar bara, wata beyar, ƙatuwar dabbar daji mai farata, ta sauko daga dutse ta shiga gidan Inna Tsuya, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai. Tsuya ta ruga ɗakin ajiyar kaya ta ja ƙofa, ƙofar kuwa ta katako ce, duk ta ruɓe. Muna jin ihunta. Baba Gisaburo ya fito da bindiga, ni kuma na kira 'yan sanda. Suka ce kada a yi harbi a tsakanin gidaje sai sun zo sun ba da umarni, kuma tafiyar minti arba'in ce.

Na gaya masa. Ya ce, "Na sani, Minoru. In na harba, sun karɓe ta ke nan."

Beyar ta dafa ƙofar, katako ya fara tsagewa. Duk da haka bai harba ba, don bangon gidan maƙwabta na bayanta. Sai ya zagaya a hankali, da gwiwarsa mai ciwo, har tudun ƙasa ya koma bayan dabbar. Harbi ɗaya ya yi.

Bayan wata biyu aka soke izininsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce mu kai ƙara. Ya ƙi. Ya ce dokar da ta hana shi ita ce ta hana mahaukaci, kuma ya san abin da ya yi tun kafin ya taɓa kunamar bindigar. Ya shafa wa bindigar mai, ya naɗe ta a zane, ya kai musu da kansa. Har yau ina juya maganar nan, ban iya cewa shi ya yi kuskure ko dokar ba.

Makon jiya wata beyar ta ɓulla a bayan gonar Sadao, wani manomi a ƙarshen ƙauye. Sadao ya manta babu bindiga yanzu, ya buga wa Baba Gisaburo waya yadda aka saba.

"Baba, yi sauri, ta zo!"

"Gani nan," ya ce.

Ya sa takalmansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hannuwansa. Haruyo ta tashi. Ta shiga kicin ta ɗauko tukunya da ludayin ƙarfe ta miƙa masa, ya karɓa, ya nufi gonar yana bugawa don ƙarar ta kori dabbar.